Fallout: New Vegas: Wane DLC ya kamata a fara buɗewa, wane ne zai jira?

Wanda ya ɗora Fallout: New Vegas Ultimate Edition a kwamfutarsa ya fara sabon wasa, zai farka ne a kan gadon wani likitan ƙauye mai suna Doc Mitchell, bayan an ciro masa harsashi daga ka. A labarin, shi ɗan aike ne da aka tare a hanya, aka ƙwace saƙon da ya ɗauko, aka harbe shi, aka turbuɗe shi a maƙabartar garin Goodsprings. Ba shi da ko sisi. To amma tun bai fita daga gidan likitan ba, sai saƙonni su fara faɗowa a allo ɗaya bayan ɗaya, ana sanar da shi cewa an zuba masa kaya a jaka: sulke kala huɗu, bindigar harba gurneti, bindiga mai baki biyu, adda, masu guda 10, da magunguna. Mutumin da aka tono daga rami jiya, yau ya fi duk mutanen garin makami.

Wasan ya fito ne a watan Oktoban 2010, kamfanin Obsidian Entertainment ya gina shi, Bethesda ta fitar da shi kasuwa. Ya tsufa, amma har yanzu sababbin mutane na shiga. Epic Games Store ya raba shi kyauta na mako guda a watan Mayun 2023, sannan fim ɗin Fallout mai dogon zango da Amazon ta fara haskawa a Afrilun 2024 ya sake jawo hankali kansa. Ga shi kuma ba ya wahalar da na'ura, tsohuwar laftof ta hannu ma tana ɗaukarsa, wurin da yake nema bai wuce gigabayit 10 ba. Matsalar ita ce kusan duk wanda ya shigo yanzu ta Ultimate Edition yake shigowa, wato bugun 2012 da ya haɗa wasan da dukkan ƙarin da aka yi masa. Waɗanda suka buga shi a 2010 sun sami ƙarin ne ɗaya bayan ɗaya cikin kusan shekara guda, bayan sun riga sun san hamadar ciki da waje. Sabon ɗan wasa kuwa gaba ɗaya ake juye masa su a rana guda, ba tare da an ce masa ga na farko ga na ƙarshe ba.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, DLC na nufin ƙarin kaya ko ƙarin labari da ake saukewa a liƙa wa wasan da ya riga ya fito. Bethesda ɗin nan ce ta sha dariya a 2006 da ta sayar da sulken doki a wasan Oblivion a kan dala biyu da rabi, amma yau abin ya zama ruwan dare. New Vegas na da guda 6. Huɗu labarai ne masu nasu wurare: Dead Money, Honest Hearts, Old World Blues da Lonesome Road. Biyu kuma kaya ne zalla: Courier's Stash da Gun Runners' Arsenal.

Kayan da ake zubawa a aljihu

Courier's Stash shi ne wancan ruwan kayan na gidan likita. Asalinsa kyaututtuka ne guda huɗu da shagunan sayar da wasa daban-daban suka ba waɗanda suka biya kuɗi tun kafin wasan ya fito. Kowane shago da nasa ƙunshi, kuma mai saye ɗaya yake samu. A watan Satumban 2011 aka haɗe su wuri guda aka sa a kasuwa. Ma'ana dai, ba a taɓa tsara farkon wasan da tunanin mutum zai riƙe duka huɗun a lokaci guda ba.

Sai an duba yadda aka gina Goodsprings za a gane girman ɓarnar. Garin makaranta ce. Wata mafarauciya mai suna Sunny Smiles za ta miƙa wa ɗan wasa wata 'yar bindigar harbin ƙananan dabbobi, ta koya masa saiti a kan kwalabe, ta kai shi rijiya ya harbi ƙadangaru. Daga nan sai rikici ya taso: wasu fursunoni da suka tsere, Powder Gangers, suna neman wani fatake mai suna Ringo da ya ɓuya a garin, kuma za su kawo hari. Wanda ya zaɓi kare garin dole ya bi gida-gida yana neman taimako. Mai shago ba zai ba da sulke ba sai an iya ciniki, tsohon da ke da nakiya ba zai saki ba sai ya ga mutum ya san harkar abin fashewa, mai mashaya kuma sai an iya magana ko an iya sanɗa. A nan ne wasan ke koya wa mutum babban darasinsa, cewa lambobin da ya zaɓa wa ɗan aikensa su ne ke buɗe ƙofa ko rufe ta.

Mai bindigar harba gurneti ba ya buƙatar kowa. Zai tsaya a bakin titi ya harba biyu ko uku, faɗan ya ƙare. Zai ji daɗi na minti ɗaya, amma darasin ya wuce shi, kuma Goodsprings sau ɗaya ake yin ta. Haka abin zai bi shi har Primm da Novac: duk bindigar da ya tsinta a hanya ba ta kai wadda ke jakarsa ba, don haka buɗe akwatuna ya zama aikin banza. A wasan RPG kuwa, wato irin wasan da mutum ke rainon jarumi daga rauni zuwa ƙarfi, rabin daɗin yana cikin wannan tsince-tsincen. Ranar da mai fama da tsatsattsiyar bindiga ya sami mai kyau, ranar sallah ce a wurinsa.

Sayar da kayan ma bai raba gardama ba, domin kuɗin wasan, wato murafan kwalba, za su taru a hannun mutum tun lokacin da aka so ya riƙa lissafin kowane harsashi.

Ba duka ƙunshin ne ke da wannan illar ba. Madubin hangen nesa ba ya kashe kowa. Rigar Vault 13 da ƙaramar bindigar da ke tare da ita ba su yi wa kayan farko nisa sosai ba, kuma tsofaffin masoya na son su saboda suna tuna musu wasan Fallout na 1997. Gorar ruwa ta Vault 13 ce ke da ɗan rikici. A wasa na yau da kullum kusan ado ce. Amma akwai tsarin da ake kira Hardcore, inda ɗan aike ke jin ƙishi da yunwa da barci, harsashi ma yake da nauyi. A can, gorar kan shayar da shi da kanta lokaci-lokaci kuma ba ta ƙarewa. Wanda ya kunna Hardcore don ya ɗanɗana wuyar hamada, sannan ya rataya gorar da ba ta ƙafewa, ya zama mai kamun kifi a cikin randa.

Maganin ba wuya. A kwamfuta, kafin a shiga wasa akwai 'yar tagar farko mai wurin da aka rubuta Data Files. A ciki kowane ƙari na da akwatin da ake cire wa alama, kuma ƙunshin nan huɗu kowanne layinsa daban. Ana iya kashe uku a bar ɗaya, wanda shi ne daidai abin da mai sayen 2010 ya samu. A yi wannan tun kafin a fara sabon wasa, don idan aka cire fayil a tsakiyar tafiya, kayansa za su ɓace daga ajiyar wasan. Wanda ba ya son taɓa fayil, ko yake bugawa a Xbox, sai ya nemi akwati a ɗaya daga gidajen Goodsprings ya zube su, ya dawo ɗauka idan ya kai mataki na 8 ko 10. Galibi kafin lokacin ya sami waɗanda suka fi su, ba ma zai koma ba.

Gun Runners' Arsenal, wanda ya fito rana ɗaya da Courier's Stash, ya nuna yadda ake yin irin wannan ƙarin ba tare da an ɓata komai ba. Shi ma makamai ne, wasunsu ma sun fi na asalin wasan ƙarfi, amma a shaguna aka ajiye su da tsadar gaske. Sabon ɗan wasa zai gan su a kanta ya haɗiye yawu ya wuce, ya ci gaba da tara kuɗi. Wannan a bar shi a kunne tun ranar farko.

Ƙofofin da ke rufewa a baya

Labaran huɗu kuwa wata magana ce daban. Ba sa zuba komai a aljihu. Siginar rediyo kawai za ta shigo, alama ta bayyana a taswira, sai mutum ya taka da ƙafarsa. Haɗarinsu shi ne uku daga ciki idan an shiga ba a fita sai an gama babban aikin da ke can, kuma ba a tafiya da abokan tafiya. Akwai kuma wani abu da sababbi da yawa ba su sani ba: New Vegas ba ya ci gaba bayan ƙarshensa. Da zarar an shiga yaƙin ƙarshe na madatsar ruwa ta Hoover, an gama ke nan, sai sunayen waɗanda suka gina wasan. Don haka duka huɗun sai kafin nan, ba a cewa bari in gama babban labari tukuna.

Dead Money ne ya fara fitowa, a Disambar 2010 a kan Xbox 360, sannan ya iso kwamfuta a Fabrairun 2011. Shi ne kuma wanda ya fi cin mutane. Wasan da kansa yana gargaɗin cewa a kai mataki na 20 kafin a shiga, kuma wannan gargaɗin ba wasa ba ne. Da shiga za a sumar da ɗan aike, ya farka a wajen wani tsohon gidan caca mai suna Sierra Madre, an kwashe masa kayansa kaf, an ɗaura masa bam a wuya. Bam ɗin yana fara ƙara idan aka matsa kusa da rediyo ko lasifika, in an daɗe sai ya tashi. Ga gajimaren guba da ke cin lafiya, ga maƙiyan da ke sake miƙewa idan ba a daddatsa su ba. Tun da ba a shiga da makami, abin da mutum ya dogara da shi lambobin ƙwarewarsa ne: buɗe kwaɗo, gyara, ilimin kwamfuta, iya magana, faɗa da hannu. Ɗan mataki na 5 da ya faɗa can ba shi da ko ɗaya, kuma ba hanyar komawa sai ta tsohuwar ajiya. Wanda bai ajiye wasa dabam kafin ya shiga ba, to ya shiga uku.

Abin da ke jan mutane su yi gaggawa shi ne zinariya. A ɗakin ajiyar ƙarshe akwai sanduna 37, kowanne darajarsa ta haura murafai 10,000. Amma kowanne nauyinsa 35 a ma'aunin wasan, jimilla 1,295, nauyin da ba ɗan aiken da zai iya gudu da shi, ga kuma lokaci na ƙurewa. Da gangan aka yi haka, don labarin gaba ɗaya a kan kwaɗayi yake. Akwai dabarun fitar da su duka, intanet cike take da su. Sai dai wanda ya yi hakan da wuri ya kashe wa kansa kasuwar wasan, domin daga ranar ba abin da zai gani a kanta ya gagare shi, har da makaman Gun Runners' Arsenal da aka tsara a yi ta tari kafin a saya. Abin dariyar ma, yawancin 'yan kasuwar hamadar ba su da kuɗin da za su biya sanda ɗaya.

Honest Hearts, na Mayun 2011, shi ne mafi sauƙin hali. Ana bin ayarin fatake ne zuwa kwarin Zion da ke jihar Utah, inda ake haɗuwa da Joshua Graham, tsohon kwamandan Caesar da aka cinna wa wuta aka jefa a rami bai mutu ba. Shi ma ba a fita sai an gama, kuma ayarin ba ya yarda a ɗauki kayan da suka wuce nauyi 75, sai mai wata ƙwarewa da za a ɗaga masa zuwa 100. Amma ana tafiya da makaman da aka zaɓa, gajere ne, ruwa da abinci a wadace suke. Idan akwai wanda ya dace a buɗe da wuri, tsakanin mataki na 10 zuwa 15, to shi ne. Bindigogin da ake fitowa da su na da kyau ba tare da sun mayar da sauran wasan abin wasa ba. Sharaɗi ɗaya: a bari sai an ji labarin Graham daga bakin mutanen hamada tukuna, waɗanda ke ambatonsa kamar aljani. Wanda ya gan shi kafin ya ji tsoronsa, wani mutum kawai zai gani naɗe da bandeji yana goge bindiga.

Old World Blues ne ya fi wuyar yanke wa hukunci. Ya fito a Yulin 2011, an ba da shawarar mataki na 15, ana shiga ta wani tsohon filin kallon sinima da ke kusa da Nipton inda tauraron ɗan'adam ya faɗo. Wasu masana kimiyya da suka zautu za su cire wa ɗan aike ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙashin baya, ya yi ta yawo a cibiyar bincike ta Big MT yana neman abinsa. Shi ne mafi ban dariya a cikinsu. Ladarsa kuma babba ce: wani gida mai suna The Sink, da na'urar likita, da wurin saye da sayarwa, da wurin ajiya, sannan bayan an gama a ba mutum na'urar da za ta riƙa dawo da shi can daga sararin hamada. Duk wanda ya sami wannan da wuri zai more shi tsawon wasa.

Ga inda gizo ke saƙar. Maƙiyan Big MT suna girma ne tare da ɗan wasa. Wanda ya shiga yana ƙarami zai sha wuya saboda ƙarancin harsashi da rauni. Wanda ya jira har ya haura mataki na 30 zai tarar da kunamun ƙarfe da ke shanye harsashi kamar yashi na shan ruwa, faɗa ya daina daɗi ya koma aiki. Don haka a nan jinkiri ma asara ne. Tsakanin 15 zuwa 25 ne wurin zama. A cika jaka da harsashi mai huda sulke kafin a tafi, don wannan karon ba a hana shiga da kaya.

Akwai kuma batun jerin labari. Mutum biyu da ake mu'amala da su a Dead Money, Father Elijah da Christine, sun bi ta Big MT kafin su isa Sierra Madre, kuma sun bar sawu a can. Wanda ya fara da Dead Money zai riƙa tsintar waɗannan sawun yana gane masu su. Wanda ya fara da Old World Blues zai san wasu abubuwa a kansu kafin ya gan su. Ko wanne aka bi labarin bai lalace ba, amma Obsidian ta rubuta su ne bisa jerin fitowarsu. Mai bin labari ya bi wannan jerin. Mai neman sauƙin tafiya ya sa Honest Hearts a gaba, Old World Blues na biye, Dead Money na uku.

Lonesome Road, na Satumban 2011, ba a gardama a kansa: shi ne na ƙarshe. An ba da shawarar mataki na 25. Wani ɗan aike mai suna Ulysses, wanda sauran ukun suka yi ta ambatonsa a kaikaice, shi ke jira a ƙarshen hanya, kuma maganganunsa sun dogara da ɓangaren da ɗan wasa ya jingina da shi a rikicin madatsar ruwa. Wanda bai riga ya san NCR da dakarun Caesar da Mr. House ba, surutu kawai zai ji. Amma shi kaɗai ne a cikin huɗun ake iya shiga a fita yadda aka ga dama, ga kuma ƙofarsa kusa da Primm, tafiyar 'yan mintoci daga inda aka fara wasa. Shi ya sa tsofaffin hannu kan leƙa bakinsa tun suna ƙanana, su kwaso sulke mai ƙarfi su gudo. Ga mai bugawa karo na uku wannan nishaɗi ne. Ga sabon shiga kuwa Courier's Stash ce ta dawo ta bayan gida.

Ƙarin da ba a gani a jaka

Saura abu ɗaya da yake aiki ko da mutum bai taka ko'ina ba. Asalin wasan a mataki na 30 yake tsayawa. Kowane labari daga cikin huɗun na ƙara 5, don haka mai Ultimate Edition har 50 zai kai. A ido ƙari ne, amma fannonin ƙwarewa 13 ne kacal a wasan, kowanne iyakarsa 100. A mataki na 30 dole mutum ya zaɓa: ko ya zama gwanin magana mai raunin hannu, ko maharbin da ba ya iya buɗe kwaɗo. Kafin ya kai 50 kusan komai ya cika, kowace ƙofa na buɗuwa, ɗan aiken wannan ya zama daidai da na wancan.

Ba masu wasa kaɗai suka lura da haka ba. Josh Sawyer, wanda ya jagoranci gina wasan, ya zauna a gida ya rubuta wa wasan kwaskwarima ta kansa ya sake ta kyauta a ƙarshen 2011. Sunanta JSawyer. A ciki ya mayar da iyakar mataki 35, ya rage lafiyar ɗan aike, ya rage nauyin da yake iya ɗauka. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan yanayin, inda abubuwan da aka yi ta liƙawa daga baya, kowanne da kyakkyawar niyya, suka taru suka karkatar da ginin farko.

Wanda ba ya son shiga harkar kwaskwarima yana da mafita a cikin wasan. Old World Blues ya kawo wata ɗabi'a da ake zaɓa tun a gidan Doc Mitchell, sunanta Logan's Loophole, wadda ke tsayar da ɗan aike a mataki na 30, a madadin haka magungunan ƙara kuzari su riƙa daɗewa a jikinsa ninki biyu ba tare da sun kama shi ba. Idan daga baya ya ji ya matsu, na'urar likitan The Sink tana ba da damar sauya ɗabi'u, amma sau ɗaya tak.